Azahar a Tsakiyar Rafi

Maƙwabcina na nan unguwar Minanata a Sakkwato yana da wata ɗabi'a da na rasa yadda zan raba shi da ita. Sai ya kunna injin ruwa ya shige ɗaki, tankin da ke kan rufinsa ya cika ya yi ta ambaliya, ruwa na faɗowa daga sama yana dukan siminti. Matarsa ta sha ba ni haƙuri, don tana tsammanin ɓarnar ruwan ce ke damuna. Ba ita ba ce, ƙarar ce ba na so. Duk sa'ad da na ji ruwa yana faɗowa daga bisa haka sai in ga kaina tsaye a bakin wani rafi mai nisa da Sakkwato, ina 'yar shekara goma ko kusa da haka, ina kallon ƙeyar kakana yana sallah.

Bari in fara gaya maka yadda gidanmu yake, in ba haka ba ba za ka gane abin da ya faru a rafin nan ba. A Ƙofar Kware na tashi, a gidan kakana na wajen uba, wanda kowa ke kira Malam. Gidan karatu ne. Da safe zaure na manya ne masu ɗaukar littafi, da yamma na masu kawo ƙara a sasanta su. Idan Malam ya yi gyaran murya a bakin ƙofa, har kajin gidan sai sun nutsu. Ni kaɗai ce ba na tsoronsa, saboda ni jika ce, kuma a cewarsa amaryarsa ce ni. Kullum sai ya yi mini gorin ban iya tuwo ba, ni kuma in ce ba ni auren tsoho mai kunnen ƙashi, don kunnensa ya fara nauyi tun a lokacin, sai an ɗaga murya yake ji.

Mahaifiyata kuwa, wadda muke kira Inna, kunyar surukuta ta kai ta inda ban taɓa ganin ta kai wata mace ba. Ba ta faɗin sunansa, ba ta cin abinci inda zai gani, ba ta wucewa ta gabansa da takalmi. Gaisuwar safe daga bayan labule take yin ta, a durƙushe, da muryar da ko mai kunne lafiyayye ba zai ji ba. Duk wata magana da ke tsakaninsu ni ce mai kai ta. Ko da yana zaune a tsakar gida, ita tana bakin murhu, tsakaninsu bai fi tsawon tabarma biyu ba, sai ta kira ni ta ce, “Hwaɗa ma Malam abinci ya sauka.” In juya in faɗa masa, ya ce in ce mata an gode, in juya in faɗa mata. Tun ina ganin abin dariya har ya zame mini jiki.

Jikin katangarmu akwai gidan wani malamin makarantar sakandare, Kirista, mutumin kudancin Kaduna, da matarsa ma'aikaciyar asibiti da muke kira Mama Nas. Sun daɗe a unguwar har Hausarsu ta fara karkata irin tamu. Mama Nas ce ta karɓi haihuwar ƙannena a ɗakin Inna, mijinta kuma shi ne ke zama da Malam bayan la'asar suna sauraren labaran duniya a rediyo, suna gardamar da ba ta ƙarewa. A tsakiyar wata damina aka aiko masa mahaifinsa ya rasu a ƙauyensu. Ya tafi a ranar, matar ta tsaya neman izini a wurin aiki. Babana yana wata jiha wurin aiki a lokacin, ya aiko cewa a haɗa gaisuwa a ba Mama Nas ta kai. Malam ya ji wannan shawara, ya ce, “Maƙwabci shi rasa uba, ni in aika da saƙo? Da ƙahwata za ni.” Ba a sake tayar da maganar ba.

Haka muka cika motar baffana, ƙanen babana: shi a tuƙi, Malam a gaba, Mama Nas da Inna da ni a baya, buhun shinkafa da na gero a but. An tafi da Inna ne don ƙawarta, an tafi da ni don in ba ni, wa zai kai magana? Mun kwana a hanya, washegari da hantsi muka bar kwalta, ƙasa ta fara tashi tana sauka, duwatsu suka fara fitowa daga cikin gajimare. Ni da ban taɓa ganin abin da ya fi tudun unguwarmu tsawo ba, sai na manne fuska a gilashi. A gindin wani dutse hanyar mota ta ƙare, ruwa ya cinye ta. Mama Nas ta nuna sama da leɓe ta ce ƙauyen yana can, sai dai a taka, kuma hanyar ƙafa bakin rafi take bi. Wasu samari biyu suka ɗauki buhunan, baffa ya bi su da jakunkuna don ya sanar da zuwanmu, ya ce in ya sauke zai dawo ya tarye mu. Kafin mu gyara takalma sun ɓace a cikin ganye.

Ban taɓa ganin kore irin na ranar ba. Gonakin citta da na acca suna maƙale a jikin tudu, gora ta yi rumfa a kanmu, ƙasa ja ce mai santsi, ko'ina ƙamshin ruɓaɓɓen ganye. Rafin yana hannun damanmu, ruwansa garau, kana ganin tsakuwar ƙasansa. Mama Nas ce a gaba, sai Malam da sandarsa da butarsa, buzun sallarsa a kafaɗa, sai ni, sai Inna can baya. Ko da Malam ya tsaya ya huta, ita ma sai ta tsaya inda take, ta juya tana kallon daji kamar akwai abin da ta ajiye a ciki. Ba za ta wuce shi ba, ba kuma za ta matso ba.

Tun kafin mu ga wurin da ruwa ke faɗowa muka fara jin sa, kamar ana ta surfe a gida mai nisa. Da muka karya kwana sai ga shi, fari fat, yana zubowa daga kan dutse cikin wani kwarmi, feshinsa na jiƙa mana fuska. Na ƙanƙame rigar Malam. Ya daɗe yana kallo yana tasbihi, sannan ya sunkuyo ya ce mini, “Amarya, nan za ni kawo ki wanki in kin yi man laihi.” Na ce sai dai ya zo da uwargida. Daga nan hanya ta ƙara tsayi, ta matse, dutse a hagu, rami a dama, gansakuka a kan kowane mataki. Sau da yawa ƙafar Malam tana zamewa, in ji Inna ta ja numfashi a bayana, amma ko Mama Nas da ta miƙo masa hannu sai ya ɗaga sanda ya nuna mata ta wuce. Ba a saba riƙe shi ba, shi ma bai saba a riƙe shi ba.

Rana ta ɗan karkata sa'ad da muka iso wani wuri da kwazazzabon ya buɗe kaɗan. A samanmu akwai wani wurin faɗowar ruwan, wanda ya fi na farko tsawo da ƙara, har sai ka yi ihu kafin na kusa da kai ya ji. A ƙasansa rafin ya bazu ya yi faɗi, bai wuce idon sawu ba, kuma a tsakiyarsa ga wani falalen dutse, shimfiɗaɗɗe, busasshe, wankakke tas. Mama Nas ta ce mu huta a nan, gonar wata gwaggonta tana kan tudun da ke samanmu, bari ta hau ta gaishe ta ta samo mana masara. Ta kama saiwoyi ta haye, ta bar mu mu uku.

Malam ya dubi inuwarsa, ya ga azahar ta yi. Ya dubi bakin rafin, duk caɓi ne da sawun dabbobi, babu inda mutum zai ɗora goshi. Sannan ya dubi falalen nan. Ba da ka ya yi abin ba, sai da ya yi abin da kowane dattijon Sakkwato zai yi: ya juya gabas ya ƙare wa sama kallo. A garinmu hadari daga gabas yake tasowa, ƙasa kuma shimfiɗe take, kana hango shi tun yana wata ƙaramar hukuma, ka kwashe shanya, ka ɗaure awaki, ka zauna ka jira shi. Gulbinmu ma mai ladabi ne, in zai cika sai ya yi kwanaki yana sallama. Gabas a ranar shuɗiya ce, ko ɗigon gajimare babu. Abin da ke bayan dutsen da ya tokare mana yamma kuwa ba wanda ya gani, ba kuma wanda ya yi tunanin dubawa. Baƙo ko da ido makaho ne.

“Gabas tas take,” in ji shi. Ya tuɓe takalma ya riƙe a hannu, ya tattare riga, ya taka ruwan a hankali har kan falalen. Ya yi alwala, ya shimfiɗa buzu, ya fuskanci alƙibla. Rafin gabas yake gangarawa, don haka ya ba wa dutsen da ruwan ke faɗowa baya. Sallar matafiyi raka'a biyu ce, amma wanda ya san Malam ya san raka'arsa ɗaya ta fi huɗun wani. Inna ta samu wani dutse a gefe ta zauna ta ba shi baya rabi, ta kwance ƙullin gyaɗa ta miƙo mini. Ni kuma na tsoma ƙafa a ruwa ina korar 'yan kifaye.

Abin da na fara lura da shi shi ne na daina ganin yatsun ƙafata. Ruwan da yake garau ya koma kamar an zuba masa madara kaɗan, sannan ya koma kalar kunun kanwa. Ganyaye suka fara wucewa, da ƙananan karare, da wani kumfa mai datti. Wata iska mai sanyi ta biyo kwazazzabon, tana warin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na ɗaga kai na dubi ruwan da ke faɗowa, na ga farinsa ya tafi, ya zama ja, ya kuma yi kauri. Ban san ma'anar abin ba. Na ce, “Inna, dibi ruwan ga ya ɓaci.” Ta duba, ita ma ba ta sani ba, amma na ga ta daina tauna.

Sai muka ji ihu daga sama. Mama Nas ce a bakin tudu, ta watsar da masarar da ke hannunta, tana nuna bayan dutsen da hannu biyu. Daga inda take tana ganin abin da ba mu gani. Ƙarar ruwa tana cinye rabin maganarta, amma abin da ya iso ya ishe mu: “An yi ruwa a sama! Ku fitar da Baba! Ku fitar da shi yanzu!” Ta fara gangarowa da gindi, tana zamewa, amma tsakaninta da mu akwai nisa.

Abin da Inna ta yi a nan, ban taɓa riƙe ta da shi ba, ko da yake ita ta riƙe kanta. Ta miƙe zumbur, ta kama kafaɗata, ta tura ni wajen ruwan, ta ce, “Maza tahi ki hwaɗa ma Malam…” Ni ma ban yi wata-wata ba, aikina ne tun da na iya magana. Na shiga. Ruwan da ɗazu yake idon sawuna ya kai mini gwiwa, sanyi kamar ƙanƙara, yana ja kamar mutum ya riƙe ƙafata. Na ɗaga ƙafa ɗaya, ta ƙi sauka inda na nufa. Sai na ji an fizgo wuyan rigata ta baya da ƙarfin da ya shaƙe ni, aka wurga ni kan caɓi. “Komo! Wayyo ni, mi nika yi?” Idanunta sun firfito, tana dubana kamar yanzu ta gane ko ni wace ce. Sabo turken wawa, in ji masu magana. Saura ƙiris sabo ya sa ta aiki 'yarta cikin ambaliya da saƙo.

Ta nuna mini wata saiwa a sama ta ce in hau in riƙe, kada in sake in sauko. Na hau. Daga nan na ga komai, kuma har yau ina ganinsa. Malam ya tashi zuwa raka'a ta biyu, yana tsaye, kansa a sunkuye, iska na kaɗa rigarsa. Bai ji komai ba. Ruwa ya riga ya cinye gefen falalen da ke bayansa, ya ɗauke takalmansa, butar tana juyi tana shirin bi. Inna ta tsaya a bakin ruwa ta yi abin da aka koya mata mace ta yi idan za ta ankarar da mai sallah: ta tafa hannu. Ta tafa, ta sake tafawa, har da tsalle. A cikin wannan ƙara ko ganga aka buga ba zai ji ba. Na buɗe baki na kira shi da duk ƙarfina, na kira shi Malam, na kira shi angona, muryata ko ni ban ji ta sosai ba. Ya yi ruku'u a natse, kamar yana zaurensa.

Sai Inna ta cire mayafinta ta ɗaure a ƙugu, ta shiga. Matar da ba ta taɓa shiga ruwan da ya wuce na bahon wanka ba. Ruwan ya kai mata cinya, ya karkatar da ita, ta faɗi da hannu ɗaya, ta tashi. Wani reshe ya zo ya bugi ƙugunta ya wuce. Ta ja jiki ta dafa falalen ta hau, a daidai lokacin da Malam ya kai goshinsa ƙasa. Ta tsaya a kansa, jiƙe sharkaf, ta miƙa hannu za ta taɓa kafaɗarsa, sai hannun ya tsaya a iska. Wallahi ya tsaya. Ina kallon yatsunta a saman rigarsa, ruwa na lasar bakin buzun, ita kuma ta kasa. Ban san tsawon lokacin ba, a wurina dai ya fi duk tafiyar da muka yi tsawo. Na ji haushinta a lokacin, haushi na gaske, na yi ta ihu ina cewa ta taɓa shi mana.

Wani abu ya yi ƙara a sama kamar an kayar da katanga. Ina jin shi ne ya sake ta. Ta damƙi hannunsa da hannu biyu ta ɗaga shi daga sujada, ta zagayo ta gabansa, ta dube shi ido cikin ido, ta yi masa tsawa a kunne. Daga baya Mama Nas ta ce har ita ta ji: “Malam, tashi! Ruwa na!” Ya ɗago a firgice, ya waiga, ya ga abin da ke tahowa. Ya yunƙura zai taka, gwiwoyinsa da suka sha hawan dutse suka ƙi. Inna ba ta tsaya shawara ba. Ta juya masa baya ta durƙusa, ta jawo hannayensa ta kan kafaɗunta, ta warware mayafin ta zagaye shi da shi ta riƙe bakin a ƙirji, ta miƙe da shi. Ta goya shi kamar yadda take goya ƙanena.

Dawowar ta fi tafiyar muni. Ruwan ya kai mata ƙugu, babbar rigar Malam ta jiƙe ta bazu a bayansu tana jan su ƙasa. Tana ɗaga ƙafa, ruwa na mayar da ita gefe. Rawaninsa ya warware ya tafi. Mama Nas ta iso, gwiwoyinta duk jini, ta maƙale hannu ɗaya a jikin gora, ta kwance zanenta na sama ta wurga musu. Na farko bai kai ba. Na biyu Malam ne ya cafke shi ta kan kafaɗar Inna. Mama Nas tana ja tana kiran Yesu, Inna tana salati, ni ina kuka, har suka faɗo kan caɓi su uku a dunƙule. Ba su tsaya ba, suka ja shi da rarrafe zuwa inda nake. Ko zama ba mu gama yi ba sai babban ruwan ya iso, ja wur, ɗauke da wani kututture da ya fi motar baffa tsawo. Ya bi ta kan falalen ya shafe shi, kamar ba a taɓa yin dutse a wurin ba.

Malam yana zaune a cikin laka, kansa ba hula, furfurarsa a waje, abin da ban taɓa gani ba. Yana tari yana kallon inda buzunsa yake ɗazu. Can ya ce, a hankali, “Saura tahiya.” Mama Nas ta fashe da wata dariya mai haɗe da kuka. Ya nemi in nuna masa gabas, ya miƙe a kan caɓin nan da ya ƙi ɗazu, ya sake sallarsa daga farko. Da ya sallame bai neme ni ba. Ya juya wajen Inna, wadda ta takure a bayan Mama Nas tana rawar sanyi, ya ce, “Allah shi yi miki albarka, ɗiyata.” Inna ta ja jiƙaƙƙen mayafin ta rufe fuska, ta juya baya.

A haka baffa ya same mu, ya gangaro da gudu da mutanen ƙauye, don su da suka ga ruwan sun san abin da zai yi a ƙasa. Malam ya ƙarasa hawan ba takalmi, wannan karon mutum biyu na riƙe da shi, bai kuma hana ba. Da maƙwabcinmu ya gan shi a ƙofar gidansu, cikin laka tun daga kai har ƙafa, ya zo yi masa gaisuwar uba, sai ya zube ya kama ƙafafunsa yana kuka. Aka hura mana wuta, aka kawo wa Malam bargo da takalman mamacin, ya sa, ya zauna a cikin masu makoki ya yi ta'aziyyar da ta kawo shi.

Da muka dawo Sakkwato na ɗauka komai zai canza tsakaninsu. Bai canza ba. Washegari da safe Inna tana bayan labule a durƙushe, ni kuma na koma bakin aikina. Abin da ya canza ƙanana ne, sai daga baya na haɗa su. Ta daina ba yara kwanon Malam su kai zaure inda baƙi ke cinye rabi, ta koma aika ni da shi ɗakinsa, in zauna har ya gama, in dawo mata da kwanon ta duba. Ta fara dama masa fura da nono mai kauri da hantsi, ta sa man shanu a miyarsa. Kuma a karo na farko na ji ta ɗaga wa babana murya a ɗaki, kwana biyu bayan nan aka kai Malam asibitin su Mama Nas, aka ɗora shi a kan magani. Ya ƙara shekaru masu dama, har ya ga aurena, ya ce ya sake ni tunda ban iya tuwo ba.

Yanzu zamani ya juya. Matar ƙanena tana zama kujera ɗaya da babana suna kallon labarai, har ta ce masa bai fahimci siyasa ba. Inna, wadda tsufa ya kama, takan taɓe baki ta ce kunya ta yi ƙaura daga Sakkwato. Ni ma wani lokaci ina taya ta, don akwai abin da ke cikin waccan kunyar mai kyau wanda ban san sunan da zan ba shi ba. Amma ba na mantawa da hannun nan da ya tsaya a iska.

Ba ta taɓa ba da labarin rafin ba, ko an tayar sai ta tashi ta ba da wuri. Sai bara, ta zo jinya gidana, ina shafa mata man zafi a gwiwa, na yi ƙarfin hali na tambaye ta ko tsoron ruwan ne ya fi tsaya mata a rai, ko kunyar goyon. Sai ta ce ba ko ɗaya. Ta ce sa'ad da ta durƙusa ta tattara duk ƙarfinta, don tana tsammanin za ta ɗaga namiji, mai gida, mutumin da gari ke tashi in ya shigo. Da ta miƙe saura kaɗan ta kifa, saboda babu abin ɗagawa.

“Ƙashi na cikin riga,” ta ce. “Ke kin hi shi nauyi a lokacin. Shekara da shekaru muna ba shi girma daga nesa, ni da ɗiyanshi da almajirainai, ba wanda ya san ya ƙare. Ni ka dahwa mai abinci, ban sani ba.”

Ta share ido da bakin zane, ta janye ƙafarta daga hannuna. Sannan ta tambaye ni yaushe rabon da in je gaida mahaifin mijina. Na ce ranar Juma'a na je, lafiyarsa lau, daga bakin ƙofa ma na gaishe shi ya amsa da ƙarfi.

“Daga bakin ƙohwa,” ta ce. “In kin koma, ki shiga. Ki kama hannunai.”